Shekarar da ƙungiyar Michael Jordan ta ci wasa 7 cikin 66

Wani ƙanena, malamin makaranta a Jega da ke koya wa yara ƙwallon kwando da yamma, ya turo min tambaya mai kai biyu. Ya ce musu ya kaure a majalisarsu kan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Charlotte Bobcats ta kakar 2011 zuwa 2012: yaya aka yi ƙungiyar da shahararren tsohon ɗan wasa Michael Jordan ya mallaka ta fi kowace ƙungiya lalacewa a tarihin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuma da gaske ne da gangan suka riƙa faɗuwa? Sai kuma ya kawo tasa damuwar. Yaransa sun daɗe rabonsu da cin wasa, wani abokinsa kuma ya ba shi shawara ya sallami manyan 'yan wasansa kaf, ya sake gini da ƙananan yara kamar yadda ake yi a Amurka. Yana so ya ji ko ya bi shawarar.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar yaran nan. Tambayarka kan shawarar abokinka amsarta gajeriya ce: kada ka bi. Amma dalilin yana cikin amsar ta farko, don haka ka yi haƙuri ka biyo ni.

A waccan kakar Bobcats ta buga wasa 66, ta ci 7, aka doke ta 59. Idan ka buga lissafi, kashi 10.6 cikin 100 na wasanninta ta ci. Kafin ita, Philadelphia ta kakar 1972 zuwa 1973 ce ke riƙe da wannan abin kunya, da cin wasa 9 cikin 82, wato kashi 11 cikin 100. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda suka fara. Wasansu na farko, ranar 26 ga Disamba 2011, sun doke Milwaukee da maki ɗaya tak, 96 da 95. Bayan kwana biyu Miami ta su LeBron James ta zo musu gida, suka riƙe mata wuya har daƙiƙun ƙarshe, sai da Dwyane Wade ya jefa wata ƙwallo sannan Miami ta tsira da maki ɗaya. Wanda ya kalli waɗannan wasanni biyu zai ce yaran nan za su ba mutane mamaki. Daga tsakiyar Janairu sai aka doke su sau 16 a jere. A cikin wannan tsukin ne Portland ta yi musu 112 da 68. Nasararsu ta ƙarshe ita ce a kan Toronto ranar 17 ga Maris 2012, daga nan ba su sake ɗanɗana nasara ba, wasa 23 a jere, har New York ta rufe musu kakar ranar 26 ga Afrilu, a gidansu, Jordan yana zaune yana kallo. A matsakaici suna jefa maki 87 a wasa, ana zura musu kusan 101. Tazarar maki 14 ke nan, kusan kowane dare, wata huɗu.

Mutanen majalisarku na san masu kallon ƙwallon ƙafa ne, shi ya sa abin ya zame musu kamar almara. A ƙwallon ƙafa ƙungiya mai rauni tana iya tsare gida, ta jure minti 90, ta saci ƙwallo ɗaya ta tafi da maki uku, ko ta samu canjaras. Ƙwallon kwando ba ta da wannan rangwame. Babu canjaras, kuma babu ɓoye ƙwallo, domin agogo yana ba ka daƙiƙa 24 kacal ka jefa. A minti 48 na wasan NBA, kowace ƙungiya tana samun kai hari sau casa'in da ɗoriya. Abin da za a maimaita sau casa'in, sa'a ba ta da ƙarfi a cikinsa, wanda ya fi iyawa shi zai yi nasara. Ga kuma mutum biyar ne kawai a fili. Gwani ɗaya cikin biyar ya fi gwani ɗaya cikin sha ɗaya nauyi nesa ba kusa ba, haka ma rago ɗaya cikin biyar babu inda za ka ɓoye shi. Abokan hamayya za su gano shi tun a zubin farko, su yi ta bi ta kansa har a tashi. Saboda haka idan an fi ka 'yan wasa, za a doke ka yau, a doke ka gobe, a doke ka jibi. Tambayar da ta dace ita ce wa ya haɗa waɗannan 'yan wasan.

A nan labarin yake. Shekara biyu kafin wannan bala'i Bobcats ƙungiya ce mai mutunci. A kakar 2009 zuwa 2010, ƙarƙashin koci Larry Brown, ta ci wasa 44 aka doke ta 38, ta shiga zagayen fitar da gwani karon farko tun da aka kafa ta a 2004. Babu ƙungiyar da aka fi wahalar zura wa maki kamarta a duk gasar a shekarar. Orlando ta fitar da ita da wasa huɗu babu ko ɗaya, amma dai an ga ginshiƙi. A watan Maris na 2010 ɗin nan ne Jordan ya sayi kaso mafi rinjaye na ƙungiyar daga hannun Robert Johnson.

Daga nan aka shiga zare ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Raymond Felton, mai rarraba musu ƙwallo, kwantiraginsa ya ƙare aka bar shi ya tafi New York. Tyson Chandler, dogon da ke tsare ƙarƙashin kwando, aka miƙa shi Dallas don a rage nauyin albashi. Shekara na zagayowa ya ɗaga kofi da Dallas, kuma duk wanda ya kalli wasannin ya san shi ne ƙashin bayan tsaronsu. Larry Brown ya tafi a Disamba 2010 bayan ƙungiyar ta fara kakar da cin 9 cikin 28. A Fabrairu 2011 aka tura Gerald Wallace Portland. Shi ne kaɗai ɗan wasan da aka taɓa zaɓa cikin taurarin gasar da rigar Bobcats, mutum ne da ke faɗuwa ƙasa kan ƙwallo kamar ransa ne a ciki, kuma 'yan kallo suna ƙaunarsa. Abin da aka karɓa a madadinsa galibi damar zaɓen sababbin matasan 'yan wasa masu shigowa gasar ne a nan gaba. A watan Yuni aka miƙa Stephen Jackson, wanda ya fi kowa ci musu maki, ga Milwaukee. Cikin shekara ɗaya, kusan duk waɗanda suka kai su zagayen fitar da gwani sun watse.

Kai ɗan Jega ne, ka san manomin fadama. Akwai bambanci tsakanin wanda ambaliya ta cinye wa shinkafa da wanda ya kai irinsa kasuwa tun kafin damina yana cewa baɗi gwamnati za ta raba wanda ya fi shi kyau. Duka biyun rumbunsu fanko ne da kaka, amma ba a yi musu jaje iri ɗaya. Na biyun shi ne Charlotte.

Sai ga wata matsala ta faɗo a kan wadda ake ciki. Daga 1 ga Yuli 2011 masu ƙungiyoyi suka garƙame ƙofa saboda rikicin rabon kuɗi tsakaninsu da ƙungiyar 'yan wasa, ba a buɗe ba sai Disamba. Shi ya sa aka buga wasa 66 maimakon 82. Babu gasar bazara ta sababbin 'yan wasa, ba a yarda koci ya horar da ɗan wasansa ba duk tsawon watannin, sansanin horo kuma bai wuce mako biyu da 'yan kwanaki ba. Aka cusa wasanni cikin wata huɗu, wani lokaci ƙungiya ta buga dare uku a jere. Tsofaffin ƙungiyoyin da suka san junansu sun lallaɓa. Ƙungiyar da ke cike da yara kuwa, abin da take buƙata shi ne ranakun atisaye, su ne kuma aka hana ta. A cikin fili, gaban dubban mutane, yaran suka riƙa koyon abin da ya kamata a ce sun koya a ɓoye.

Su waye suka rage? Kemba Walker, wanda ya fito daga jami'ar Connecticut da kofin jami'o'i na 2011, aka zaɓe shi na 9. Gajere ne a ma'aunin NBA, ga sauri, amma a shekararsa ta farko cikin kowace jifa goma ko huɗu ba sa shiga. Bismack Biyombo ɗan ƙasar Kwango, na 7 a zaɓen, shekararsa 19; ya iya toshe jifa, amma cafe ƙwallo da jefa ta har lokacin koyo yake. Gerald Henderson shi ya fi kowa maki, kusan 15 a wasa, alhali a ƙungiya mai ƙarfi da shi ne na uku ko na huɗu. Corey Maggette, babban da aka kawo don ya ci maki, rauni ya hana shi buga fiye da rabin kakar. D.J. Augustin ma ya yi jinya. Tyrus Thomas, wanda aka ba kwantiragin dala miliyan 40 na shekara biyar, wasansa ya faɗi warwas. Ga DeSagana Diop ɗan Senegal, da albashi mai nauyi da gudummawa kaɗan.

Akwai mutum ɗaya da nake so ka tsaya a kansa, Boris Diaw ɗan Faransa. A Charlotte ana ganinsa kamar wanda ya gama yayi: jiki ya yi nauyi, ba ya son jifa, ba sa jituwa da koci. A watan Maris aka biya shi aka rabu. San Antonio ta ɗauke shi, kuma a 2014 yana cikin waɗanda suka fi taka rawa da ta ci kofi. Mutumin bai canja hannu ba, bai canja ido ba. Baiwarsa ita ce miƙa ƙwallo ga wanda ya fi dacewa ya jefa. A San Antonio idan ya miƙa akwai mai jefawa ta shiga, a Charlotte babu. Duk lokacin da ka ji zuciyarka tana cewa wane a cikin yaranka ba shi da amfani, ka tuna da wannan, ka fara duba waɗanda ka haɗa shi da su.

Kocin kuwa Paul Silas ne, dattijo mai shekara 68 a lokacin, wanda ya ci kofi uku yana ɗan wasa, biyu da Boston ɗaya da Seattle, kuma shi ne kocin LeBron James na farko a Cleveland. Ba a koya wa irin wannan mutum ƙwallon kwando. A wasu wasannin ma yakan bar ɗansa Stephen, mataimakinsa, ya jagoranci ƙungiyar don ya samu gogewa. Da kakar ta ƙare aka sauke shi daga kujerar. Ya rasu a Disamba 2022. Ni dai ban taɓa ɗora masa laifin shekarar ba, kuma yana yi min ciwo yadda sunansa ya manne da wannan tarihi alhali ba shi ya sayar da kowa ba.

To da gangan suka yi? Sai ka raba tambayar gida biyu. 'Yan wasa ba sa faɗuwa da gangan. Yaron da kwantiraginsa zai ƙare baɗi, abincinsa da na iyalinsa yake nema a kowane dare, kuma idan an samo sabon tauraro wataƙila gurbinsa za a ba shi. Me zai sa ya taya a kore shi? Amma ofis daban ne. Wanda ya rabu da manyan 'yan wasansa ya karɓi damar zaɓen gobe, ya san sarai abin da zai biyo baya, kuma ya yarda da shi. A ganina ba su yi nufin abin ya kai 7 da 59 ba, amma sun buɗe ƙofar da ta kai can da hannunsu.

Dalilin da ya sa mai hankali zai yi haka yana cikin tsarin gasar. A NBA ba a faɗawa rukunin 'yan dagaji. Ko ba ka ci wasa ko ɗaya ba, baɗi kana nan, kuma kasonka na kuɗin talabijin yana nan. Bugu da ƙari, kowace shekara ana raba sababbin matasa masu shigowa gasar ta hanyar zaɓe, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke fara ɗauka. Don kada kowa ya riƙa zubar da wasa, sai aka sa ƙuri'a a kan gurabe na farko. A wancan lokacin ta ƙarshe a tebur tana da kashi 25 cikin 100 na samun zaɓin farko. Shekarar kuma akwai yaron da kowa ke kwaɗayi, Anthony Davis na jami'ar Kentucky, dogo mai tsaro da jifa, irin wanda ake gina ƙungiya a kansa shekara goma.

Kashi 25 cikin 100 fa. Ma'ana sau uku cikin huɗu ba za ka samu ba. Aka jefa ƙuri'a a ƙarshen Mayu 2012, ta faɗa kan New Orleans, ƙungiyar da ta ci wasa 21, ninki uku na abin da Charlotte ta ci. Ita ta tafi da Davis. Charlotte ta samu na biyu, ta ɗauki abokin wasansa a Kentucky, Michael Kidd-Gilchrist, yaro mai ƙwazo da tsaro, amma jifarsa ba ta taɓa daidaita ba, ga raunin kafaɗa da ya dame shi daga baya. Bradley Beal aka ɗauka na uku, Damian Lillard na shida. An saki reshe an kama ganye. Ita kanta hukumar gasar ta ga illar abin, shi ya sa a 2019 ta rage rabon: ƙungiyoyi uku na ƙasa kowace aka bar mata kashi 14 kacal.

Batun Jordan kuma, ku daina mamaki. Kofi shida ya ci da Chicago, kuma yana cikin ƙungiyar da ta ci wasa 72 cikin 82 a kakar 1995 zuwa 1996. Amma iya wasa daban, iya hango wanda zai iya wasa daban. Shi ne ya ɗauki Kwame Brown na farko a 2001 lokacin yana jagorantar Washington, kuma yana kan harkar Charlotte aka ɗauki Adam Morrison na uku a 2006; duka biyun ba su zama abin da aka yi zato ba. Mu ma nan mun sha gani a fagen kokawa. Ba kowane gwarzon da ya ka da maza ba ne ke iya zama ya raini yaro har ya zama ɗan kokawa. Sau da yawa wanda Allah ya ba abu cikin sauƙi yakan rasa yadda zai bayyana shi ga wanda sai ya sha wuya. A 2023 Jordan ya sayar da rinjayen hannun jarinsa a kan darajar da ta kai kusan dala biliyan 3, alhali darajarta ba ta kai dala miliyan 300 ba lokacin da ya saya. A tsawon mallakarsa ƙungiyar ba ta taɓa tsallake zagayen farko na fitar da gwani ba. Ka ga mai ƙungiya a can yana iya shan kashi a fili ya ci riba a banki. Kai fa, me za ka ci?

Yanzu ka dubi abin da ya tashe su, domin shi ne ya shafe ka. Kakar da ta biyo baya, da sabon koci Mike Dunlap, sun ci 21. Har yanzu suna ƙasa. A 2013 suka ɗauko koci Steve Clifford, suka kuma sa kuɗi suka kawo Al Jefferson, babban ɗan wasa mai shekara tara a gasar, wanda za a jefa wa ƙwallo kusa da kwando idan al'amura sun cakuɗe ya san abin da zai yi da ita. Nan take suka ci 43 suka koma zagayen fitar da gwani, kafin su sauya suna zuwa Hornets a 2014. Haka aka sake gani kwanan nan a Detroit. A kakar 2023 zuwa 2024 an doke ta sau 28 a jere, ta gama da cin 14 kacal, ƙuri'a kuma ta jefa ta zaɓi na biyar. Sai ta canja koci ta ɗauko J.B. Bickerstaff, ta kewaye matashin tauraronta Cade Cunningham da gogaggu irin su Tobias Harris da Malik Beasley da Tim Hardaway ƙarami. Shekara na zagayowa ta ci 44. A duka wuraren biyu, yaran ba su miƙe ba sai da aka dawo musu da manya.

Ni ma na taɓa ɗanɗana wannan, ko da yake ba da zaɓina ba. Akwai shekarar da manyan yarana a nan Birnin Kebbi suka gama makaranta lokaci guda, wasu suka tafi karatu, wani ya bi yayansa kasuwa. Aka bar ni da ƙanana zalla. Na ɗauka abin zai zo da sauƙi, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muka je wata gasa a Sakkwato. Ba yawan makin da aka zura mana ne ya tsaya min a rai ba. A zubi na uku na wasanmu na biyu, wani yarona, siriri ne dogo, ya yi tsalle ya cafe ƙwallo aka ture shi ya faɗi a kan siminti, gwiwarsa ta goge har jini. Abokan wasansa huɗu suna tsaye, babu wanda ya miƙa masa hannu. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ɗan ƙungiyar da muke karawa da ita ne ya ɗaga shi. Ba mugunta ba ce, yaran kirki ne. Kunya ce ta rufe su har kowa ya koma cikin kansa. Tun kafin nan na lura sun daina magana a tsaro, babu mai cewa ga naka, babu mai cewa bayanka. Da a ce akwai babba ɗaya a cikinsu, da ya daka musu tsawa, ya tafa hannu, ya ja yaron ya miƙe. Ni ina gefen fili ina ta kira, amma muryar koci daga waje ba ta yin aikin da muryar ɗan'uwa ke yi daga ciki.

A mota muna dawowa babu wanda ya ce uffan har muka wuce Tambuwal. Cikin makonnin da suka biyo baya yara uku suka daina zuwa atisaye. Na bi ɗaya har gida, mahaifinsa ya ce min, Malam, yaron nan kullum dawowa yake ransa a ɓace, gara ya taya ni a shago. Ban ga laifinsa ba. Kemba Walker ya jure shekarar 7 da 59 har ya zama wanda ya fi kowa ci wa ƙungiyar maki a tarihinta, aka zaɓe shi cikin taurari sau uku yana can. Amma shi sana'arsa ce, ana biyansa, yana da kwantiragi da likita da masu horo. Yaronka na Jega babu abin da ke kawo shi fili bayan la'asar sai sha'awa. Ranar da sha'awar ta mutu, ya tafi ke nan.

Kuma ka tuna mu ba mu da ƙuri'a. Babu wanda zai ce tunda Jega ta zo ta ƙarshe, a ba ta yaron da ya fi kowa tsawo a jihar. Akasin haka ma ake yi: yaro mai baiwa wajen masu cin wasa yake tafiya. Ko a matakin ƙasa, rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando da ya ɓarke a 2017 ya daɗe yana dagula gasar cikin gida, har manyan ƙungiyoyi irin su Kano Pillars da Gombe Bulls suka ji a jikinsu. Wanda ke ƙasa irinka da ni, babu mai zuwa ya cece shi da sabon iri. Abin da ke hannunka shi ne jarinka.

Don haka ka riƙe manyanka, ko da biyu ne ko uku. Ba sai waɗanda suka fi iya jifa ba. Ka zaɓi masu zuwa kan lokaci, masu magana a tsaro, waɗanda idan ƙarami ya yi kuskure za su dafa kafaɗarsa maimakon su harare shi. Idan akwai babban da ke raina yara ko yake zuwa lokacin da ya ga dama, wannan kam ka zauna da shi, in bai gyara ba ka sallame shi, amma don halinsa, ba don shekarunsa ba. Kada ka taɓa sa ƙanana biyar a fili lokaci guda a wasan gasa. Ka riƙa cakuɗa su, uku da biyu.

Sannan ka canja abin da kake ƙirgawa. Bayan dawowarmu daga Sakkwato na sayi ƙaramin littafi na ba wani yaro da ke jinyar ƙafa, na ce ya riƙa yin alama duk lokacin da muka zubar da ƙwallo ba tare da mun jefa ba, da duk lokacin da abokan hamayya suka jefa ta ƙi shiga kuma suka sake cafe ta. Waɗannan biyun su ne ke kashe ƙananan ƙungiyoyi, kuma duka biyun ba sa buƙatar tsawo ko baiwa, natsuwa da naci kawai suke so. Na ƙara da jifar kyauta, wadda ake ba wanda aka yi wa ƙeta: kowane yaro sai ya jefa hamsin kafin a kira magariba, a rubuta nawa suka shiga. Ana doke mu har lokacin, amma ranar Asabar sai in buɗe littafin in nuna musu cewa abin da muka zubar wannan makon bai kai na makon jiya ba. Yaro yana buƙatar ya ga wani abu da ya ci, ko da allon maki bai nuna ba. Na kuma roƙi biyu daga cikin tsofaffin yarana da ke gari su riƙa zuwa atisaye sau biyu a mako, suka amsa. Wannan siririn da ya faɗi a Sakkwato, shi ya zama kyaftin ɗinmu bayan shekara biyu, kuma ban taɓa ganin wani ya faɗi a gabansa bai ruga ya ɗaga shi ba.

Ka kuma nema musu abokan karawa daidai ƙarfinsu tsakanin gasa da gasa. Idan kullum da waɗanda suka fi su nesa suke haɗuwa, ba za su koyi yadda ake riƙe wasa a minti biyun ƙarshe ba, domin ba su taɓa kaiwa can da sauran numfashi ba. Ina da rukunin ƙanana a nan da nake ganin za su yi daidai da naka. Jega da Birnin Kebbi ba nisa, ka samo mota ɗaya ku zo wata Asabar bayan an gama jarrabawa, mu buga da safe kafin rana ta yi zafi. Ka zo da manyan naka duka ina so in gan su da idona, ka kuma sayi littafin tun yanzu ka fara cika shi, mu duba tare idan kun iso. Ka gaishe min da mutanen majalisa.